Hannun da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

Akwai wata 'yar Gurbin Bore ta ƙasar Zurmi, sunanta Rabi'atu, wadda har yau in an tambaye ta yadda ta fara haɗuwa da mijinta, sai ta kalli tafin hannunta kafin ta ba da amsa.

Ranar da abin ya faru, ta kai wa mahaifinta Bawa fura a gona. Tana jiran ya gama sha, sai ta jawo wani tsohon buhun taki tana karanta rubutun jikinsa a hankali. Ba ta yi boko mai nisa ba. Tana aji uku aka rufe makarantar garinsu, sauran karatun kuma ita ta koya wa kanta, daga buhun taki, da takardar cikin kwalin magani, da guntun jaridar da ake ƙunsa ƙosai.

Wani saurayi ya tsaya kusa da ita, riƙe da jaka cike da ƙananan ledoji. Ɗalibin aikin gona ne daga Ƙauran Namoda, sunansa Jalaluddeen, yana bin gonaki yana ɗibar ƙasa don gwaji. Ya ji ta karanta wata doguwar kalmar Turanci ta faɗe ta daidai. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce buhun.

Ya yi dariya, ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu ya miƙa mata. Ta fito da hannu za ta karɓa, sai ta ga yatsunsa sumul, nata kuwa duk kaushi da kanta. Ta yi maza ta mayar da hannun cikin hijabi, ta karɓi littafin ta bayan ƙyalle.

Ya lura. Bayan shekara ɗaya da rabi aka ɗaura musu aure.

Gidan su Jalaluddeen gidan malamai ne. Mahaifinsu, Malam Abdussamad, dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. 'Ya'yansa kuwa daga malamin makaranta sai ma'aikacin gwamnati. Babbansu shi ne Muhtari, yana aiki a sakatariya, ya je Umara sau biyu, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Da kaka ta yi, Bawa ya ɗauko buhun sabon gero ya kawo wa surukansa. Ya gaisa da Malam, ya miƙa wa Muhtari hannu. Muhtari ya karɓa, amma da Bawa ya juya, sai ya zaro hankici ya goge tafinsa.

Rabi'atu tana bayan labulen zaure, ta gani da idonta. Ba ta ce uffan ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta ƙara yawan man da take shafa wa nata hannun, har ya yi laushi kamar na sauran matan gidan.

Auren bai cika wata biyar ba Jalaluddeen ya samu gurbin ƙarin karatu a ƙasar Malesiya. Ya tafi, ta zauna a gidansu. Shekara biyu sai waya. In tana sallar azahar, shi yana shirin isha'i, don haka hirarsu kullum gajeriya ce, kuma rabinta tambaya ce ko ana jin juna.

A farkon damina ta uku ya kira da albishir. Jami'arsu ta nemo masa izinin kawo matarsa ta zauna da shi har ya gama, kuma ya tanadi kujera biyu a jirgi, ɗaya tata, ɗaya ta wanda zai rako ta ya yi sati biyu ya dawo. Sai dai izinin yana da wa'adi. In bai yi amfani da shi kafin ƙarshen damina ba, ya wuce.

Tun kafin a zauna a yi magana, Muhtari ya yanke wa kansa cewa kujera ta biyu tasa ce. Ya faɗa wa duk ofishinsu. Ya je Gusau ya sayo wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, ya rataye ta a falo inda kowa zai gani.

Rabi'atu kuwa littafin rubutu ta saya. Ta riƙa karantawa a waya tana rubuta abin da ake bukata: fasfo, biza, allurar shawara wadda sai ta kwana goma a jiki kafin katinta ya yi aiki, nauyin kayan da jirgi ke yarda da shi, da awa bakwai da za su yi a wani filin jirgi kafin su canja. Da ta ga rigar, ta ce masa a ladabce ta karanta cewa ƙasar ba ta sanyi, zafi ne da ruwan sama duk shekara.

"Ke da kika koyi karatu a jikin buhun taki," in ji Muhtari, "ke za ki gaya mini yadda ƙasar waje take?"

Ta koma ɗaki.

Da maganar ta je gaban Malam, hukuncinsa bai yi wa Muhtari daɗi ba. Ya ce wan miji ba muharrami ba ne, ba zai yarda a ce daga gidansa aka fara wannan ba. In za ta yi tafiyar nan, da nata muharramin za ta yi. Rabi'atu ba ta da wa, ba ta da ƙane, 'ya'yan Bawa duk mata ne. Baffanta guda ɗaya ya tsufa, ko masallaci sai an riƙe shi. Saura mutum ɗaya, Bawa da kansa, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Sakkwato ce.

Kowa ya zaci zai ƙi. Da ta je ta same shi, bai tambayi jirgi ba, bai tambayi nisa ba. Maganar ruwan sama ce ta tsaya masa.

"Kin ce ba su da rani? Ko wata ɗaya?"

Ta ce haka ta karanta.

"To in Allah ya yarda sai na ga wagga ƙasa da idona."

Ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu, Muhtari ne ya kai su ofishin fasfo na Gusau a motarsa, don Malam ya umarce shi. Rabi'atu ta fara shiga. Ta ɗora yatsunta a gilashin na'ura, fitila ta kawo kore, ko minti biyu ba a yi ba.

Bawa ya zauna, ya gyara hula, ya ɗora nasa. Fitila ta kawo ja.

Jami'in ya goge gilashin, aka sake. Ya ce ya shafa yatsun a goshinsa, aka sake. Ya ɗiga masa ruwa, ya danna masa su da nasa hannun, ɗaya bayan ɗaya har goma. A fuskar kwamfuta ba abin da ke fitowa sai baƙin tabo kamar an dangwala gawayi.

Jami'in ya juya tafin Bawa ya duba da kyau, ya ce, "Baba, zanen yatsunka ya shafe."

"Ya tahi ina?"

"Hauya ta cinye shi."

Mutum ne mai kirki. Ya ce ba yau ya fara ganin haka ba wajen manoma da magina, kuma sau da yawa zanen yana dawowa in an huta. Ya ce Bawa ya yi sati uku bai riƙe hauya ba, bai taɓa ƙasa ba, bai ja igiya ba, yana shafa mai safe da yamma, sannan ya dawo. Ya rubuta musu rana. Rabi'atu ta duba littafinta ta ga cewa in aka wuce wannan ranar, fasfo ba zai fito a kan lokacin neman biza ba.

A hanyar komawa Muhtari ya kunna rediyo yana bin waƙa. Da suka wuce shingen bincike, ya kalli Bawa ta madubi ya ce, "Hannun da na'ura ma ta ƙi karɓa, jirgi ne zai karɓa?"

Bawa ya yi murmushi, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

A zauren Malam, Muhtari ya kawo shawara. Ya ce tunda abin bai yiwu ba, kada kujerar ta tafi a banza. Rabi'atu ta haƙura ta zauna, shi ya je ya dubo ƙanensa ya kai masa gaisuwar kowa. Malam ya juya wajen labule ya tambaye ta ko tana da magana.

Shekara biyu da rabi a gidan, ba a taɓa jin muryarta a zauren ba.

"Malam, sati uku aka ce. A ba ni sati ukun."

Malam ya ce an ba ta. In ranar ta zo na'ura ta sake ƙi, Muhtari zai tafi, ita ta zauna.

Matsalar ita ce lokacin. Ruwa ya zauna, gero ya kai tsawon taƙi, ciyawa ta taso tana neman rufe shi. Gonakin Bawa na nesa an daina zuwa saboda halin da dajin yake ciki, saura guda ɗaya ta bakin gari, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. 'Yan ƙodago duk an riga an kama su, wanda aka samu ya ce sai bayan sati biyu. Geron da aka bari sati biyu a cikin irin wannan ciyawa, kowa ya san abin da zai zama.

Don haka Bawa ya ce mata a'a. Ya ce yana son ganin ƙasar, yana kuma son ta je wajen mijinta, amma ba zai zauna yana kallon abincin ƙannenta yana mutuwa ba.

"Ɗiyata, gero bai san fasfo ba."

Rabi'atu ta shiga rumfar kayan aiki ta ɗauko hauyarsa. Ta gwada nauyinta a hannu, ta ce, "Nawa yatsun an riga an ɗauka, Baba. Gwamnati ta gama da su."

Ta kira Jalaluddeen ta gaya masa komai. Ya fara cewa za a yi surutu a Ƙaura, kuma ta daɗe rabonta da irin wannan aikin. Ta ce ba ta kira don a tattauna surutu ba, izini take nema. Sannan ya ce ya ba ta, kuma da ma a bakin gona ya same ta.

Innarta ta aika kasuwar Shinkafi aka sayo man kaɗe kwano guda. Kowace safiya bayan asuba Rabi'atu ta zaunar da mahaifinta, ta shafe masa yatsu da mai, ta zura masa safa a hannu biyu. In lokacin alwala ya yi ya cire, in ya idar a mayar. Tuwo ma da cokali aka ce ya ci.

Daga nan sai su nufi gona tare. Shi ya zauna a gindin gawo da hannuwa cikin safa, ita ta ɗaure hijabi a ƙugu ta sunkuya.

Kafin azahar labari ya zagaye Gurbin Bore. Wanda ya fi kowa jin daɗinsa shi ne Nuhu, taubashin Bawa, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasu. Kullum in zai wuce sai ya tsaya ya durƙusa.

"Amarya, an tashi lahiya? Lallen ya kama ko a ƙara kwana?"

"Wuce, ɗan banza. Ranar da na cire safar ga, da kai zan fara."

"Ka yi a hankali dai, kar ƙuda ya ji maka ciwo."

Rabi'atu tana ji ba ta ɗagowa. Ranar farko tafinta ya yi ja. Rana ta biyu ya ɗuri ruwa. Rana ta uku ruwan ya fashe, ƙotar hauya ta riƙa manne mata. Ta yaga tsohon zane ta naɗe, ta ci gaba. Hannun da ta yi shekara biyu tana lallashi da mai ya koma yadda yake a cikin kwana huɗu.

A rana ta biyar motar Muhtari ta tsaya a bakin hanya. Ya tako a hankali yana ɗage ƙafar wando saboda laka. Ya ce an aiko shi ne da kunyar gida. Ya ce a sakatariya har an fara tambayarsa ko gaskiya ne matar ƙanensa tana noma kamar 'yar ƙodago. Ya ce matar gidan malamai ba ta yin haka, ta ajiye hauyar nan ta shiga mota.

Ba ta tsaya da aikin ba. Ta kai ƙarshen kunya, ta juyo, sannan ta ce, "Yaya Muhtari, Malam ne ya aiko ka?"

Ya ce ba sai Malam ya aiko shi ba.

"To mijina ya ba ni izini, Malam ya ba ni sati uku. Kunun da ake dama wa Malam kowace safiya, geron gonar nan ne. Kai ma kana sha. Ban ji an ce ya ɓata sunan gidan ba."

Ta nuna masa ƙafarsa ta ce ya ɗan matsa, yana taka shuka.

Ya tafi, amma ciyawa ba ta tafi ba. Aka yi ruwa kwana biyu a jere. Inda ta nome a farkon sati ya fara yin kore, inda ba ta kai ba kuwa geron ya fara yin rawaya. Mutum ɗaya ba zai iya da gonar ba, kuma Bawa ya fi kowa sani.

A rana ta tara ta je rijiya shan ruwa. Tana dawowa ta tarar gindin gawo ba kowa, safa biyu a ajiye a kan tabarma. Can cikin gona ta hango shi a tsugune, yana miƙa hannu zai cafki ciyawa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta je ta tsaya a gabansa, ta warware tsumman hannunta, ta buɗe masa tafin. Fatar ta saɓule wuri uku, tsumman ya rine.

"Baba, in ka taɓa ciyawar nan, wannan ya zuba a banza. Ka taɓa in kana so."

Bawa ya daɗe yana kallon hannun. Ya tashi ya koma gindin gawo, ya ɗauki safar ya saka da kansa.

Nuhu yana tsaye a kan iyaka, ya ga komai. Ranar bai yi tsokana ba.

Ranar Juma'a bayan an sallame, kafin mutane su watse, Nuhu ya miƙe a ƙofar masallaci. Ya ce shi ba mai wa'azi ba ne, tambaya ɗaya gare shi. A cikin mutanen da ke nan, wa zai rantse Bawa bai taɓa sunkuyawa a gonarsa ba? Ya fara kiran suna. Wanda ya yi jinya shekarar bara waccan, Bawa ya nome masa. Wanda ya rasa ɗansa ana tsakar shuka, Bawa ya ƙarasa masa. Ya ce shekara arba'in ba a taɓa kiran gayya a garin nan Bawa bai riga mai gonar zuwa ba.

"Zanen da anka ce ya shafe, gonakinku ya shafe. Yau kun bar ɗiya mace ita ɗaya kuna dariya. Ni ma na yi dariyar, na tuba. Gobe ina gonar Bawa."

Washegari da hantsi hauya ashirin da uku suka jeru a gonar. Mata suka dama fura. Aka hana Rabi'atu, ta ƙi, ta kama kunya ɗaya a gefe tana bin su. Bawa kuwa aka kafa masa doka ko tsinke kada ya ɗauka. Yana zaune yana kallon mutane suna yi masa aiki, abin da bai taɓa gani ba a rayuwarsa. Nuhu ya ce ya ga amarya tana share ido da safa. Bawa ya ce hayaƙi ne, alhali ba wanda ya hura wuta.

Kafin la'asar gona ta yi fes. Sauran kwanakin Rabi'atu ta riƙa bi tana tsintar abin da ya sake tsirowa.

Ranar komawa Gusau, Muhtari ya zo da wuri, da nasa fasfon a aljihun gaba inda za a gani. A mota ya ce kada su damu, zai ɗauko musu hotuna.

Jami'in nan ne dai. Ya gane su, ya kama hannun Bawa ya juya, ya yi dariya ya ce yau kam kamar na ɗan kasuwa. Aka fara da hagu. Ƙaramin yatsa, kore. Na kusa da shi, kore. Haka aka bi har tara, wani sai an sake sau biyu, wani sau uku.

Saura babban yatsan dama, wanda ya fi kowanne cin ƙota. Ja. Aka goge gilashi. Ja. Aka sake, ja.

Muhtari ya gyara tsayuwa a bakin ƙofa. Rabi'atu ta matso ta ce da mahaifinta ya daina dannawa da ƙarfi, ba ƙota ba ce, ya ɗora kawai kamar yana taɓa goshin jariri. Bawa ya yi bisimilla, ya ɗora.

Fitila ta yi ɗan jinkiri, ta kawo kore.

Jami'in ya ce shi ke nan, Baba, an gama. Bawa ya tashi ya yi masa godiya. Ya taka har bakin ƙofa, ya miƙa wa Muhtari hannu.

"Alhaji, gaisa da ni. Yau ba sai ka goge ba, ya yi laushi."

Ashe ya gani tun ranar. Shekara biyu ya riƙe abin bai gaya wa kowa ba, kuma bai fasa kai gero gidan ba.

Muhtari ya tsaya kamar an dasa shi. Mutanen da ke kan layi suna kallo. Ya karɓi hannun da nasa biyu, ya sunkuyar da kai. A hanyar komawa bai kunna rediyo ba.

Sauran shirin ya bi littafin Rabi'atu layi bayan layi. Suka bi layin asibiti aka yi musu allurar shawara. Fasfo ya fito, biza ta fito. Bawa ya ƙulle irin geronsa a tsumma zai kai wa mutanen can su gwada, ta ce ta karanta ba a shiga da iri, ya ajiye yana ƙunƙuni. Jalaluddeen ya samo wani ɗalibi ɗan Gusau da zai dawo gida, wanda zai rako Bawa bayan sati biyu, kafin girbi. Nuhu ya karɓi tsaron gona, ya ce ladansa a kawo masa ruwan saman can a kwalba.

Ranar tafiya Muhtari ne ya ɗauki jakar Bawa ya sa a mota, ba wanda ya sa shi. Da za su rabu a filin jirgi, ya fito da rigar sanyin nan ya miƙa masa, ya ce ko da za a bukata. Bawa ya gane ban haƙuri rigar take nufi, ya karɓa. A cikin jirgi kuwa ta yi rana, don sanyin na'ura ya hana shi sakat, ya lulluɓa da ita har suka sauka.

Suna fita daga filin jirgin can, zafi mai ɗanshi ya rufe su kamar an buɗe murfin tukunya. Ana yayyafi. Duk inda ido ya kai kore ne. Bawa ya cire rigar, ya tsaya yana kallo baki buɗe.

"Wagga ƙasa, yaushe take hutawa? Yaushe suke gyaran rumbu?"

Sai ga Jalaluddeen yana ratso mutane. Ya rame kaɗan, ya tara gemu. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya riƙe hannunsa yana dariya yana cewa ya ji labarin safa. Sannan ya juyo wajen matarsa, ya miƙo hannu zai karɓi jakarta.

Rabi'atu ta ji hannunta ya fara janyewa cikin hijabi da kansa, kamar ranar buhun taki. Ta tsayar da shi. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta fito da hannu biyu, ta buɗe su a gabansa. Kanta ta taru a gindin kowane yatsa, tabon inda ya fashe bai gama baƙi ba.

Jalaluddeen ya kalle su, ya ɗago ya kalle ta. Ya ce tun ranar farko yake jiran ta nuna masa su.

Ta juya yadda mahaifinta ma zai ji, ta ce da muryar da ba ta rawa, "Na ɓoye su ranar da ka fara ganina. Na yi shiru ranar da aka goge na Baba. Na yi alkawari a gabanku, ba zan ƙara ɓoye hannuna ba, kuma ba wanda zai ƙara goge na mahaifina ina tsaye ina kallo."

Darasi: Kada ka ji kunyar hannun da ya ciyar da kai, kuma kada ka raina shi a jikin wani. Kaushin da kake ƙyama, a wajen nema maka abinci aka samo shi, kuma alherin da mutum ya yi a gonar wasu yana nan yana jiran ranar da zai bukace shi. In mahaifinka ko mahaifiyarka suna da irin wannan hannun, je ka riƙe shi yau. Ku tura wannan labari ga duk wanda ya fara manta gidan da ya fito.